Hauka ne ko ganganci? Yadda rashin binciken gawa da kuskuren ƙwararru ke karkatar da shari'ar kisa

Ranar 27 ga Janairun 2020, Mai Shari'a Yusuf Halilu na Babbar Kotun Birnin Tarayya da ke Abuja ya yanke wa Maryam Sanda hukuncin kisa ta hanyar rataya, bayan ya same ta da laifin kashe mijinta, Bilyaminu Bello, a watan Nuwamban 2017.

Duk mai riƙe da waya a lokacin, daga Kano har Damagaram, da wuya a ce labarin bai iso gare shi ba. Sai dai akwai abu guda a shari'ar da bai samu yawan tattaunawa ba: an binne marigayin ba tare da an yi wa gawarsa binciken likita ba.

Masu gabatar da ƙara sun ce wuƙa ta daɓa masa. Ita kuma ta ce faɗa suka yi, ya zame ya faɗa kan fasasshiyar tukunyar shisha. Da an yi bincike, likita zai auna zurfin kowane rauni da faɗin bakinsa da inda ya nufa, ya nemi ɓurɓushin kwalba a ciki, sannan ya faɗa wa kotu labarin da ya fi dacewa da abin da ya gani.

Tunda babu wannan, alƙalin ya dogara da shaidun da suka ga abin da ya gudana a gidan kafin mutuwar, da kuma ƙa'idar nan ta cewa wanda aka gani na ƙarshe tare da mamaci shi ke da bayanin yadda ya mutu. Doka ta ba shi wannan dama, kuma Kotun Ɗaukaka Ƙara ta tabbatar da hukuncin a Disambar 2020. Amma har a 2025, lokacin da sunanta ya fito a jerin waɗanda shugaban Najeriya ya yi wa sassauci, gardamar da ta ɓarke a shafukan sada zumunta ta sake komawa kan abin da ya faru a daren.

A duk shari'ar kisa, akwai tambayoyi biyu da kotu ba ta iya kauce musu. Ta farko, me ya kashe mamacin, kuma hannun wa ne? Ta biyu, shin wanda ake zargin yana cikin hankalinsa a lokacin? Amsar ta farko tana jikin gawa da wurin da abin ya faru. Amsar ta biyu tana kan wanda ake tuhuma. Dukansu biyu sai an sami ƙwararre ya duba ya fassara wa alƙali.

A yankinmu sau da yawa ba a kai wa ga ƙwararren. A ƙasashen da suke da su birjik kuwa, an sha ɗaure marasa laifi saboda kuskurensu.

Daga Garagumsa zuwa Damagaram

Mu ɗauki misali. A wani ƙauye na ƙaramar hukumar Garagumsa, cikin gundumar Takeita, an wayi gari an tsinci gawar wani dattijo a bukkar gonarsa da rauni a ka. A garin akwai wani saurayi da kowa ya san yana da taɓin hankali, kuma wani ya ce ya gan shi da sanda a wajen gonakin da magariba.

Misali ne kawai, amma duk wanda ya tashi a ƙauyukan da ke kan hanyar Tasawa zuwa Damagaram ya san abin da zai biyo baya.

Kafin jandarmomi su iso, rabin gari ya riga ya zagaye bukkar. An tattake sawun da ke wurin. Wani ya juya gawar, wani ya rufe ta da zane, wani ya zuba ƙasa kan jinin don kada ƙuda su taru. Sandar da aka tsinta ta bi ta hannun mutum goma. Babu wanda ya yi da mugun nufi, tausayi ne da girmama mamaci.

Idan masu bin sawu suka bi wani takalmi har ƙofar wani gida, jama'a kan ɗauka magana ta ƙare. Alhali sawu yana nuna inda takalmi ya bi ne kawai, ba ya faɗin ƙafar da ke ciki, kuma irin takalmin robar nan ana sayar da shi a kowace kasuwar mako.

Ga kuma zafi. A watannin Afrilu da Mayu yakan haura digiri 40, gawa ba ta jira. Dangi na son a yi sutura kafin azahar. Da yamma kuma bidiyon saurayin yana amsa laifi ya shiga WhatsApp, an kewaye shi ana tambayarsa yana cewa "e" ga duk abin da aka faɗa.

A tsarin shari'ar Nijar, wanda aka gada daga Faransa, babban laifi irin kisa sai ya bi ta hannun alƙali mai bincike, kuma shi ke da ikon naɗa likitan da zai duba gawa ko ƙwaƙwalwar wanda ake zargi. To amma kafin takardun su yi tafiyar kimanin kilomita 50 daga Takeita zuwa Damagaram, abin da ya rage a cikinsu shi ne rahoton jandarma, da furucin saurayin, da abin da maƙwabta suka ce.

Shin addini ya hana binciken gawa?

Babban dalilin da dangi ke bayarwa idan sun ƙi yarda shi ne martabar mamaci da umarnin gaggauta jana'iza. Dalili ne mai ƙarfi. Sai dai malaman wannan zamani sun daɗe da duba mas'alar. A 1987, Majalisar Fiƙihu ta ƙungiyar Rabiɗa da ke Makka ta yanke cewa ya halatta a binciki gawa idan alƙali na buƙatar sanin musabbabin mutuwa a shari'ar laifi, kuma babu wata hanyar sani sai wannan.

Ba kowane bincike ne ma ke buƙatar a tsaga jiki ba. Likita na iya auna raunuka, ya ɗauki hotonsu, ya ɗebi jini ko abin da ke ƙarƙashin farce cikin ɗan lokaci, a kuma yi jana'iza a ranar.

Masu sauraron tafsirin azumi sun san labarin riguna biyu a Suratu Yusuf. Ta farko an shafa mata jinin ƙarya aka kawo wa Annabi Yaƙubu, kuma malaman tafsiri sun ce ya lura babu yaga ko ɗaya a rigar da aka ce kerkeci ya cinye mai ita. Ta biyu kuma wani shaida ne ya ce a duba ta ina ta yage, gaba ko baya, aka wanke Annabi Yusuf. Kenan hujjar da ido ke gani tana iya wanke mutum, tana kuma iya zama shiri. Ya danganta da wanda ya duba da yadda ya duba.

Ƙwararre ma yana kuskure

Matasan da suka saba da finafinan binciken laifi na Amurka kan ɗauka cewa da zarar an shiga ɗakin gwaji, gaskiya ta fito. Tarihin kotunan ƙasashen ya nuna akasin haka.

Sally Clark lauya ce a Ingila. Jaririnta na farko ya mutu a Disambar 1996, na biyu a Janairun 1998, kowanne yana da 'yan makonni a duniya. A shari'arta ta 1999, wani fitaccen likitan yara, Farfesa Roy Meadow, ya shaida wa kotu cewa yiwuwar jarirai biyu su mutu haka kawai a gida irin nata ɗaya ce cikin miliyan 73. Aka yi mata ɗaurin rai da rai.

Lissafin kuskure ne. Ya ɗauki mutuwar biyu kamar babu abin da ya haɗa su, alhali yaran uwa ɗaya uba ɗaya suke, kuma suna iya gadon ciwo iri ɗaya. Ƙungiyar masana ƙididdiga ta Birtaniya ta fito fili ta soki lissafin a 2001. Daga baya kuma aka gano cewa likitan da ya binciki gawar yaro na biyu yana da sakamakon gwajin da ya nuna ƙwayoyin cuta a jikinsa, amma bai bayyana shi ba. An sake ta a Janairun 2003. Ba ta sake komawa daidai ba, ta rasu a Maris ɗin 2007.

A Amurka, hukumar FBI ta amsa a watan Afrilun 2015 cewa jami'anta masu kwatanta silin gashi da madubin ƙara girma sun yi wa kotuna bayanin da ya wuce abin da kimiyya ta tabbatar. Cikin shari'u 268 da aka sake dubawa, an sami irin wannan kuskure a 257. Mutum 32 daga cikin waɗanda abin ya shafa hukuncin kisa aka yanke musu, kuma 14 an riga an kashe su ko sun mutu a kurkuku.

Shari'ar da ta fi kusa da 'yan ci-rani ita ce ta Omar Raddad, ɗan Maroko mai kula da lambu a kudancin Faransa. A watan Yunin 1991 aka tsinci gawar uwar ɗakinsa, Ghislaine Marchal, a ɗakin ƙarƙashin ƙasa na gidanta a garin Mougins, da rubutun jini a jikin ƙofa da ke cewa Omar ne ya kashe ta.

Rahoton likitoci ya fara nuna cewa ta mutu ranar 24 ga wata, ranar da Omar ke da shaidar yana wani gari. Daga baya aka ce kuskuren mai buga takarda ne, ranar 23 ake nufi. Ba a iya komawa ga gawar ba, domin an ƙona ta 'yan kwanaki bayan binciken. An ɗaure shi shekara 18 a 1994, Shugaba Jacques Chirac ya rage masa hukuncin a 1996, ya fito a 1998. Gwajin ƙwayar halitta, wato DNA, ya nuna alamun wasu mazan da ba shi ba a wurin, amma kotu ta ƙi sake shari'ar a 2002, ta sake ƙi a 2022. A idon doka har yau mai laifi ne.

Darasin waɗannan shari'u ɗaya ne: takardar ƙwararre ra'ayin mutum ce, kuma sai an ba wani ƙwararren dama ya duba ta kafin a rataya ran wani a kanta.

Me doka ke nufi da hauka?

A bakin jama'a, duk mai surutu shi kaɗai a titi mahaukaci ne. A kotu ma'anar ta fi haka ƙunci.

Ƙa'idar da Najeriya ke bi ta samo asali ne daga Landan. A watan Janairun 1843, wani mai suna Daniel M'Naghten, wanda ya yi imanin cewa 'yan jam'iyya mai mulki na bibiyarsa, ya harbe Edward Drummond, sakataren Firaminista Robert Peel. Kotu ta ce ba shi da laifi saboda hauka. Hukuncin ya fusata jama'a har da Sarauniya Victoria, lamarin da ya sa manyan alƙalai suka fitar da ma'aunin da ake amfani da shi har yanzu.

Sashe na 51 na kundin Penal Code da jihohin Arewacin Najeriya suka gada ya bi wannan layi: babu laifi a kan wanda, saboda rashin lafiyar ƙwaƙwalwa a lokacin aikata abin, bai san abin da yake yi ba, ko bai san cewa ba daidai ba ne ko ya saɓa wa doka. Doka tana ɗaukar kowa mai hankali ne, don haka wanda ya ce ba ya cikin hankalinsa shi zai kawo hujja.

Nijar kuma ta gaji ƙa'idar sashe na 64 na kundin Faransa na 1810, wadda ta ce babu laifi idan wanda ake tuhuma yana cikin hauka a lokacin aikin. Ƙa'idar ta shiga kundin hukunta laifuka na ƙasar na 1961.

Kalmar da ta fi muhimmanci a duka dokokin biyu ita ce "a lokacin". Mutum na iya shekara goma yana shan maganin ƙwaƙwalwa, kotu ta same shi da laifi idan ta gamsu cewa a ranar ya san abin da yake yi.

Akwai kuma wata tambaya daban da mutane ke cakuɗawa da wannan: shin wanda ake tuhuma yana da hankalin fahimtar shari'ar da ake yi masa yanzu? Irin wannan ce ta taso a Kano a watan Satumban 2021, lokacin da Sheikh Abduljabbar Nasiru Kabara ya yi shiru ana karanta masa tuhuma. Alƙali Ibrahim Sarki Yola ya ba da umarnin a duba shi a asibitin ƙwaƙwalwa na Dawanau. Rahoton ya ce lafiyarsa ƙalau, aka ci gaba da shari'a.

Imani da maita ko sammu ma ba ya zama kariya. A shari'ar Muhammadu Gadam ta 1954, mutumin ya kashe wata tsohuwa saboda ya yi imanin ita ta kama kurwar matarsa. Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Afirka ta Yamma ta ƙi karɓar wannan uzuri.

Fiƙihun Malikiyya da ake karantawa a zaurukan Damagaram da Kano ya riga waɗannan dokokin Turawa magana a kan wannan. Sanannen hadisi ya lissafa mahaukaci cikin mutum uku da aka ɗauke wa alƙalami. A Muwaɗɗa ta Imamu Malik, an ruwaito cewa Marwan ɗan Hakam ya rubuta wa Mu'awiya game da wani mahaukaci da ya yi kisa, amsa ta zo cewa a tsare shi, kada a yi masa ƙisasi. Jinin mamacin kuma bai tafi a banza ba, domin malamai sun ɗora diyya a kan dangin wanda ya yi kisan. Ko wanda ya kawo kansa ya amsa laifi, kamar Ma'izu, sai da Manzon Allah (SAW) ya tambaya ko yana da taɓin hankali, aka kuma shinshina bakinsa ko ya sha giya.

Uwar da ta kashe 'ya'yanta biyar

Shari'ar da matsalolin biyu suka haɗu a cikinta, wato hauka da kuskuren ƙwararre, ita ce ta Andrea Yates a birnin Houston na jihar Texas.

Ranar 20 ga Yunin 2001, bayan mijinta ya tafi aiki, ta nutsar da 'ya'yanta biyar a bahon wanka. Babban yana da shekara bakwai, ƙaramar wata shida. Ita da kanta ta kira 'yan sanda.

Tana da dogon tarihin ciwon ƙwaƙwalwa mai tasowa bayan haihuwa. An kwantar da ita a asibiti sau da dama, ta yi yunƙurin kashe kanta a 1999, kuma kimanin mako biyu kafin ranar aka dakatar da babban maganin da take sha. Ta shaida wa likitoci cewa ta yi imanin Shaiɗan na tare da ita, kuma kashe yaran ne zai tserar da su daga wuta.

A shari'ar 2002, masu gabatar da ƙara sun kira wani fitaccen likitan ƙwaƙwalwa, Dakta Park Dietz. Ya shaida wa kotu cewa gab da faruwar lamarin, shirin talabijin na Law & Order ya nuna wata mata da ta nutsar da 'ya'yanta ta kuma kuɓuta da hujjar hauka. Masu ƙara suka yi amfani da wannan wajen nuna cewa a talabijin ta ga dabarar. Aka yi mata ɗaurin rai da rai.

Ashe ba a taɓa yin wannan shiri ba. A Janairun 2005 kotun ɗaukaka ƙara ta soke hukuncin saboda wannan shaida, kuma ranar 26 ga Yulin 2006 aka yanke cewa ba ta da laifi saboda hauka. Tun daga lokacin tana tsare a asibitin ƙwaƙwalwa na gwamnati.

Wannan ciwo ba na Turawa ba ne kaɗai. Likitoci sun ƙiyasta cewa yana kama mace ɗaya zuwa biyu cikin kowace haihuwa dubu, galibi a makonnin farko na jego. Nijar na cikin ƙasashen da suka fi yawan haihuwa a duniya. A gidajenmu, mai jegon da ta daina barci, take jin muryoyi ko take tsoron jaririnta, iska ake cewa ta buge ta, a kai ta wajen ruƙiyya ko hayaƙi. Ciwo ne da yake jin magani idan an kai ta asibiti da wuri. Idan kuwa aka bari har wani abu ya faru, babu wata takarda da za ta nuna wa alƙali halin da take ciki.

Idan ƙwaya ce ta jawo fa?

Wannan tambaya ta shafi matasan biranenmu kai tsaye, daga 'yan daba a Kano zuwa 'yan fale a Damagaram, inda tiramol da wiwi da sauran kayan maye ke yawo.

Faransa ta yi fama da ita. A watan Afrilun 2017, Kobili Traoré, wani matashi mai asali da Mali, ya kashe maƙwabciyarsa Sarah Halimi, Bayahudiya mai shekara 65, a birnin Paris. Likitocin da suka duba shi sun ce ya shiga matsanancin ruɗewar ƙwaƙwalwa da yawan shan wiwi ya tayar, ko da yake sun saɓa kan ko hankalinsa ya gushe gaba ɗaya. Kotu ta ce ba za a yi masa shari'a ba, kuma kotun ƙoli ta tabbatar ranar 14 ga Afrilun 2021. Dubban mutane suka yi zanga-zanga, har majalisa ta gyara dokar a Janairun 2022.

A Najeriya, maye na ganin dama ba ya wanke mutum. Uzurin da doka ta sani shi ne na wanda aka ba abin maye ba da saninsa ko yardarsa ba. Muwaɗɗa ma ta bambanta: da aka tambayi Mu'awiya game da mashayin da ya yi kisa cikin maye, amsar ita ce a yi masa ƙisasi.

Wahalar tana wurin tantancewa. Gwajin fitsari ko jini a ranar kamu zai iya nuna abin da mutum ya sha. Bayan wata shida a gidan kaso babu abin da zai nuna.

Shin hujjar hauka hanyar tsira ce?

Da zarar lauya ya ambaci lafiyar ƙwaƙwalwa, abin da ake fara rubutawa a Facebook shi ne "za a kashe maganar". Alƙaluma ba su goyi bayan wannan zato ba. Wani bincike da aka wallafa a 1991 kan jihohi takwas na Amurka ya gano cewa ana kawo wannan hujja a kimanin shari'a ɗaya cikin ɗari ta manyan laifuka, kuma kusan kashi ɗaya cikin huɗu ne ke yin nasara.

Waɗanda suka yi nasarar ma ba gida suke tafiya ba. M'Naghten ya mutu a tsare a 1865, shekara 22 bayan an ce ba shi da laifi. John Hinckley, wanda ya harbi Shugaba Ronald Reagan a 1981, ya shafe fiye da shekara 30 a asibiti kafin a sallame shi a 2016. A Najeriya, wanda kotu ta ce ya yi kisa cikin hauka ana tsare shi ne har sai abin da gwamna ya yanke, babu ranar fita.

Inda ake tsarewar ma wata matsala ce. Ƙungiyar likitocin ƙwaƙwalwa ta Najeriya ta sha nanata cewa ba su kai 300 ba a ƙasar da ke da mutum sama da miliyan 200. Sai a Janairun 2023 aka sanya hannu kan sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da ta maye gurbin ta 1958. A Nijar likitocin ƙalilan ne, mafi yawansu a Yamai, inda sashen nan na babban asibitin ƙasa da ake kira Pavillon E yake.

Giɓin da aka bari, turu da mari ne suka cike shi. A watan Satumban 2019 'yan sanda sun fito da mutum sama da 300 daga wani gidan mari a Rigasa ta Kaduna, da yawansu da sarƙa a ƙafa, kuma a wata mai bi aka sake samun irin haka a Daura.

Ɓangaren gwaje-gwaje ma haka yake. Cibiyar gwajin DNA da gwamnatin Legas ta buɗe a 2017 tana cikin gine-ginen da aka lalata a rikicin Oktoban 2020.

Abin da ke hannun dangi

Gina ɗakunan gwaji da horar da likitoci aikin gwamnati ne. Amma ranar farko, wadda ita ce ke yanke makomar shari'a, a hannun jama'a take.

Idan an tsinci gawa cikin yanayi mai shakku, a hana mutane shiga wurin, kada a wanke jini ko a ɗauki makami. Mai waya ya ɗauki hoto daga nesa da kusa kafin a taɓa komai, ya miƙa wa masu bincike maimakon ya watsa a intanet.

Dangin mamaci su nemi likita ya duba gawar ya rubuta abin da ya gani kafin a yi wanka. Jinkirin sa'a biyu ya fi shekara goma ana zargin juna tsakanin gidaje biyu.

Dangin wanda ake zargi su nemi lauya tun daga ofishin jandarma ko 'yan sanda. Ƙa'idar ƙungiyar UEMOA ta 2014 ta ba lauya damar tsaya wa mutum tun daga lokacin kamu, kuma Nijar na da hukumar ANAJJ da aka kafa don taimaka wa marasa hali a fannin shari'a. Idan akwai alamar taɓin hankali, a nemi a rubuce cewa likitan ƙwaƙwalwa ya duba shi da wuri. Idan rahoton ƙwararre ya zo da abin da bai kwanta ba, ana iya roƙon alƙali ya sa wani ya sake dubawa.

Ga 'yan uwa da ke Legas, Agadas, Aljeriya, Libiya ko Turai, waɗanda su ne ake kira idan wani ya "kamu" a gida: kafin a tura kuɗin ragon sadaka ko na mai magani, a ware na mota zuwa sashen masu taɓin hankali na babban asibitin Damagaram, ko Dawanau, ko Kware ta Sakkwato. Addu'a ba ta hana ganin likita.

A kuma ce wa na gida su adana katin asibitin, ko karne kamar yadda ake cewa a Nijar, da takardun magani, da ranakun da ciwon ya tashi. Fatan kowa shi ne kada a taɓa buƙatarsu a kotu. Idan ƙaddara ta sa aka buƙata, alƙalin da ke Damagaram bai san saurayin ba, bai ga ranar da aka sa shi a turu ba. Abin da ke cikin takarda kawai zai gani.